Na ɗaya da na takwas

Lokacin da na shiga kwamitin iyaye masu shirya gasar ƙwallon ƙafa ta makarantun sakandare a ɓangarenmu na Madina, da ƙwallon dabino ake haɗa wasa. Gasar ba ta hukuma ba ce. Iyaye ne suke kama wani fili mai ciyawar roba a bayan masallacin Ƙiblatain, duk Asabar bayan La'asar, a watannin sanyi. Makarantu sukan kara da juna na wasu makonni, takwas da suka fi maki su wuce zagayen sili ɗaya ƙwale. A nan ne ake buƙatar sanin wa zai gamu da wa.

Mai yin wannan aiki wani dattijo ne da kowa ke ce wa Kawu. A Madina aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa. Kawu ya daɗe yana koyar da wasannin motsa jiki kafin ya yi ritaya. Hausarsa tsohuwa ce, irin wadda ban sake ji ba tun rasuwar kakata, sai dai rabin kowace jimla Larabci ne. Ranar haɗa wasa yakan zo da baƙaƙen dabino guda takwas daga wata gona a Ƙuba, ya miƙa wa wakilin kowace makaranta ɗaya da hannunsa. Kowa ya ci nasa, ya goge ƙwallon, ya rubuta lambar makarantarsa a jiki. Kawu ya cire farar hularsa a zuba a ciki, ya girgiza, ya yi bisimilla, ya kau da kai, ya riƙa zaro bibbiyu. Waɗanda suka fito tare su za su kara.

Ni ne na kashe wannan al'ada.

Wata shekara hular ta haɗa makarantu biyu mafi ƙarfi tun a zagayen farko. Ɗaya ta fita, wasan ƙarshe ya zama abin kunya, har mutane suka fara watsewa kafin a tashi. Kafin in zo Madina karatu, daga baya in zauna koyarwa, na yi aikin karanta labarai a gidan rediyo, inda aka horar da ni cewa minti ɗaya minti ɗaya ne, kuma ba a faɗin abin da ba za a iya kare shi ba. Na rubuta shafi guda na kawo wa kwamiti. Wanda ya zo na ɗaya a maki ya gamu da na takwas, na biyu da na bakwai, na uku da na shida, na huɗu da na biyar. Na ce yaran da suka yi makonni suna wahalar tara maki ya kamata su ga amfaninsa. Har yau ban ga kuskure a wannan magana ba.

Kwamiti ya amince. Kawu ya karanta takardar sau biyu, ya ninke ta.

"Ɗayyib, Ustaz," ya ce, wato to, madalla. "Takarda ba ta da dangi."

Na ɗauka yabo ne.

Shekara biyu muka yi a kan tsarina ba ƙorafi. A ta uku ɗana na fari yana ajin ƙarshe, kuma shi ne mai tsaron ragar makarantarsu ta wajen Uhudu. A Madina aka haife shi. Yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake amsawa, ko da uwarsa ce ta yi masa magana. Mahaifina kuwa, can gida, ban da Larabcin salla ba ya jin komai. Idan na haɗa su a waya, gaisuwa ce ta minti ɗaya, sai shiru, sai yaron ya miƙo mini wayar. Abu ɗaya ne yake sa su daɗe. Mahaifina ya tsare wa ƙungiyar garinmu raga yana saurayi, a filin burji, ba safar hannu, kuma har ya tsufa ɗan yatsansa na hagu a karkace yake saboda wata ƙwallo da ya tare. Tun da ya ji jikansa gola ne, ya sami abin faɗa.

"Kai ɗan Larabawa, kana fitowa bugun kusurwa ko maƙalewa kake yi a raga kamar kaza?"

"Aiwa, Kaka, ina fita."

"Ƙarya kake. Sai na gani da idona."

Na sha tura masa bidiyo, amma idanunsa sun yi yana, ba ya ganin komai sai motsi. A waccan shekara aka yi masa aikin ido, ya warke, ƙannena suka shirya masa Umara. Ranar Talata zai sauka Madina, ya kwana takwas, ayarinsu ya wuce Makka. Asabar ɗaya ce tak a cikin kwanakinsa, kuma ita ce ranar wasan kusa da na ƙarshe. Zagayen 'yan takwas kuwa a Asabar ɗin da ta gabaci saukarsa za a buga. Idan makarantar ɗana ta tsallake, mahaifina zai gan shi a raga. Idan ta faɗi, ba zai gan shi ba, domin daga wannan gasa yaron ya gama sakandare.

Na takwas suka zo. Ni na tattara makin da hannuna, na sake lissafawa sau uku. Ta ɗaya kuwa wata makarantar Ƙuba ce da ba a ci ta ko sau ɗaya ba.

Ranar zaman kwamiti, bayan mun idar da La'asar a gefen fili, Kawu ya ja ni gefe. Ya ji labarin zuwan mahaifina a bakin ɗana. Ya buɗe wata ƙaramar leda ya nuna mini dabino.

"Ustaz, bana kaɗai mu koma hula. Ni zan faɗa wa jama'a, in ce tsoho ne ya yi marmari. Ba wanda zai hana ni."

Na ce masa, "Kawu, shekara biyu ina sa 'ya'yan mutane na takwas gaban na ɗaya. Yau da ya faɗo kan nawa sai in ce a kawo hula?"

"To a ɗaga wasansu zuwa Alhamis. Walidinka ya sauka, ya huta, ya zo ya gani. Ko an ci su, ya gani."

"Wanda ya yi nasara kwana ɗaya kawai zai huta kafin wasan Asabar. Yaran Ƙuba ba su yi laifin komai ba."



"Mutum ya taso daga wata ƙasa zuwa garin Manzo," ya ce. "Mu nan baƙo yana da haƙƙi, ya Ustaz. Ubanka ma baƙo ne."

Na ce masa na gode, amma a bar takarda yadda take. Ya ƙulle ledar, ya sa a aljihu. A zaman bai tayar da maganar ba.

A mota na gaya wa ɗana da wa za su kara. Ya riga ya sani. Ya san kuma abin da Kawu ya nema, ban san ta yaya ba. Ya jingina kai da gilashi, muka wuce rumfunan masu sayar da tasbaha da dabino a gindin dutsen Uhudu, har na tsaya a ƙofar gida.

"Malesh, Baba," ya ce, wato ba komai. Ya fita.

Ban taɓa ganin ya yi wasa kamar na wannan Asabar ba. Tun daga fara wasa yaran Ƙuba suka tare a gidan su ɗana. Ya tare ƙwallo ɗaya da ƙafa, ya doke wata ta haye sama, ya fito bugun kusurwa har sau huɗu yana kama ƙwallo a kan mutanen da suka fi shi tsawo. Bayan hutun rabin lokaci aka ba yaran Ƙuba bugun fenariti, ya faɗi dama ya ture ta. Har iyayen Ƙuba sai da suka tafa masa. Saura minti shida wata ƙwallo ta bugi ƙafar ɗan bayan su ɗana, ta canza hanya, ta gangara a hankali ta ɗaya gefen yana kwance yana kallonta. Ɗaya da nema aka tashi. Ya cire safar hannunsa, ya gaisa da kowa, ya shiga mota kafin in gama rubuta sakamako.

Ranar Talata na ɗauko mahaifina. Ya rame fiye da yadda ake gaya mini, amma idanunsa tar. Duk hanya yana karanta lambobin motocin gabanmu don in san aikin ya yi kyau. Na bari ya yi ziyara, ya yi sallolinsa, ya huta. Kullum na yi niyyar gaya masa, sai in ga ba lokacin ba ne. Ni da na shekara ina karanta wa mutane labarin rasuwa ba tare da muryata ta girgiza ba, na kasa faɗin sakamakon wasan yara.

Ranar Asabar da kansa ya shirya, ya sa babbar riga, ya ce a tafi fili. Ɗana ya biyo mu da jallabiyarsa. Muka zauna a kujerun roba, Kawu ya zo ya gaishe shi, suka daɗe suna tambayar juna garuruwa. Da 'yan wasa suka fito, mahaifina ya gyara zama, ya dubi wannan raga, ya dubi waccan, sa'an nan ya juyo ya ga jikansa zaune kusa da shi.

"Kai ba ka tashi ka sa kaya ba?"

Yaron ya dube ni.

"An fitar da su makon jiya, Baba," na ce. "Da na ɗaya aka haɗa su."

"Wa ya haɗa su?"

"Ni."

Bai tambayi dalili ba. Ya gyaɗa kai, ya mai da ido fili. Can ya ce, "To ba ni labari. Ai aikinka ne."

Ana buga wani wasa a gabanmu, ni kuma ina ba shi labarin na makon jiya, ƙwallo bayan ƙwallo, da muryar da na daɗe ban yi amfani da ita ba. Da na zo kan fenaritin, ya kamo hannun jikansa ya juya shi, yana duba yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Duk a miƙe suke," ya ce. "Anya ubanka ba ƙari yake yi ba?"

Yaron ya yi dariya, ya ce da Hausa, "Gaskiya ce, Kaka."

"To. Na ji. Gani ne dai ban yi ba."

Kawu ya so idan an tashi wasa a sa yaron a raga, a buga masa ko guda biyar. Mahaifina ya ƙi. Ya ce bugun da aka shirya don tsoho ya gani ba wasa ba ne, gola sai a ranar da ake son a ci shi. Aka kira Magariba, muka tafi.

Wata huɗu da komawarsa gida ya rasu, bayan gajeriyar jinya.

Kawu ya zo mini ta'aziyya da leda a hannu. Bayan an yi addu'a, mutane sun ragu, ya zaro dabino biyu baƙaƙe ya ajiye a tire.

"Ci wannan, ka ci wannan."

Na ci. Ya ce in duba ƙwallayen. Ɗaya gajere ne mai kauri, na ajwa. Ɗaya dogo ne siriri.

"Shida ajwa, biyu wannan," ya ce. "Ba wanda yake duba abin da yake ci. Amma yatsa yana ganewa a cikin hula."

Ya ce ba kowace shekara yake yi ba. Ya yi wa wata makaranta da malaminsu ya rasu ana tsakiyar gasa. Ya yi wa wani yaro da iƙamar iyayensa, wato takardar izinin zama, ta ƙare, za su bar ƙasar a ƙarshen wata. A shekarar da na ɗaya da na biyu suka haɗu, wadda ta sa na rubuta takardata, bai sa hannu ba, hular ce ta yi aikinta.

"A ledar da ka nuna mini, wa za ka ba dogayen?"

"Ɗanka da na bakwai."

"Da sun ci su?"

"Allah ne masani. Ni dai da na ba shi dabino."

Na gaya masa cewa abin da yake yi maguɗi ne. Ya ce ya sani, kuma yana neman gafara a kai duk shekarar da ya yi. Ya tashi, na raka shi har mota.

Har yanzu da takardata ake haɗa wasa, kuma idan aka tambaye ni, ita nake karewa. Na ɗaya da na takwas. Kawu ya daina zuwa fili, ƙafa ta hana shi. Ɗana yana jami'a a gida Najeriya, bai ƙara tsare raga ba. Ya ce karatu ya yi yawa. Hausarsa ta gyaru ƙwarai. Da hutun da ya wuce ya je garinmu, wani tsoho ya nuna masa inda filin burjin yake a da, yanzu an gina shaguna. Ya kira ni daga wurin, ya tambaye ni ta wane gefe kakansa yake tsayawa. Na ce masa ban sani ba. Ni ma ban taɓa ganin mahaifina a raga ba, labari kawai na ji.