Lambar da Malam Isuhu ya bari a bangon ɗakin famfo

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina kan kabu-kabu a Sabon Gari waya ta shigo: Malam Isuhu ya rasu. Sai da na ce wa mai babur ya tsaya.

Mutumin da muka rabu da shi shekaranjiya, lafiya lau.

Tare muke kula da injinan ban ruwa a Jiratawa, amma shi ya koya min aikin. Mu sai inji ya yi pan, ya tsaya cak, muke sanin akwai shi. Shi kuwa yana da wani tsohon kaye, littafin rubutu, duk awar da famfo ya yi, duk ranar da ya tsaya, sai ya rubuta. Ya tara awannin, ya raba da yawan lalacewar, ya ce ga kimanin abin da zai yi kafin ya sake tsayawa. Sai ya sa lambar a bango da alli.

Muna tsokanarsa da boka. Dariya kawai yake yi, ya miƙo goro.

Ranar da aka kwantar da mahaifiyata, shi ya riƙe aikina har ta warke, bai taɓa ambata ba.

Shekaranjiya na raka shi gidansa a Tibiri. Ya ɗauko maganar rulman, boris ɗin da inji ke juyawa a kai, ya ce min: "Sani, rulman famho na ukku ya kusa cika awanninai. Ka canza shi kahin ya bar mutane da tattasai ba ruwa."

Na ce ai ƙararsa lafiya lau, lissafinka ma wani lokaci yana kuskure.

Ya ce: "Lissahin kimani na, ba alkawali ba. Yana iya wucewa, yana iya gazawa. Kai dai kak ka jira."

Na ce sai wani mako. Wannan ce maganata ta ƙarshe da shi, kuma tana cin raina.

Tattasan nan yana fure, kwana kaɗan ba ruwa ya zube. Daga maƙabarta Jiratawa zan wuce. Sabon rulman yana cikin jakata, shi ya sa min da hannunsa.

Allah Ya jiƙanka Malam, Ya haskaka kabarinka, Ya ba iyalinka haƙuri. Wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.