Hannun Inna a Ƙarshen Kaset

Aji uku na yi a firamare na gudu, amma a shekarun casa'in babu wanda ya kai ni tara na'ura a unguwarmu a Gumel. Ranar kasuwar Maigatari mutane na taya raƙuma, ni ina can ina tonon tsofaffin kayan wuta da aka tsallako da su daga Damagaram. Har wata ƙatuwar kwamfuta na taɓa sayowa, tsayinta ya kai ƙuguna, mai ita ya rantse ita ce uwar kwamfutocin wani ofis. Na jona mata janareto, ta yi ta gurnani tana huro iska mai zafi, ko alif ba ta nuna mini ba. Inna, mahaifiyata, ta leƙo ta ce, "To, ka samo wadda ta fi ka surutun banza."

Bidiyo ne dai na iya. Kaset yana da ɗan haƙori a gefe, in an karya shi ba ya ɗaukar sabon abu. Ni kuwa sai in liƙe ramin da salatif in ɗora abin da na ga dama, ina jin kaina injiniya. Da yake rubutun bayan kaset ya fi ƙarfina, da tabo nake gane su: wannan mai tsagewa dambe ne, wancan mai manja fim ɗin Indiya. Wanda ba tabo, fanko ne.

Inna ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Amma ranar sunan 'yata ta uku, maƙwabcina, wani ma'aikacin ƙaramar hukuma Kirista ɗan Filato, ya zo da kyamara ya ɗauke ta tana tuƙa tuwo, ba ta ankara ba. Ya yi rubutu a bayan kaset ɗin, ya karya haƙorinsa a gabana.

"Maigida, na san halinka. Wannan ban da shi."

Na adana shi da kyau, kyan da ya sa ko ƙwarzane bai yi ba.

Ranar da satalayit ɗina ya fara kamawa, wasu Turawa na gani suna sulu a kan ƙanƙara. Cikin ɗoki na wawuri kaset mai tsabta, na liƙe ramin yadda na saba, na danna ɗauka.

Da damina Inna ta rasu, da hantsi, aka kai ta kafin azahar. Yayata tana aure a wani ƙauye bayan Sule Tankarkar, ruwa ya cinye hanya, sai bayan la'asar babur ya sauke ta. Ba ta ga fuskarta ba. Bayan sadakar uku ta same ni a zaure.

"Auta, an ce Inna tana cikin akwatinka. Sa mini ita."

Na tayar da janareto, na bi tarin kaset har na ga mai rubutun maƙwabcina. Yatsana ne ya fara jin salatif ɗin. Duk da haka na saka shi.

Ƙanƙara fara fat, Turawa na wucewa. Yaya ta gyara mayafi, ta matso.

"Ina ne kuma nan?"

"Yanzu za ta zo, Yaya."

Na yi ta tura shi gaba. Dab da ƙarshe hoton ya yi rawa, sai ga tsakar gidanmu, ga hayaƙi. Daidai lokacin da Inna ta gano ana ɗaukarta ne. Tafin hannunta ya rufe gilashin gaba ɗaya, da lalle, da ɗan tuwo a babban yatsa. "Kai ɗan nan, kawar mini da abin nan." Sai allon ya koma yayyafi.

Na jira zagi. Da ta zage ni da na samu sauƙi.

"Mayar," ta ce.

Na mayar. Ban ƙirga sau nawa ba, har man janareto ya ƙare. Ta miƙo hannu na ba ta kaset ɗin, ta naɗe shi a gefen zane, ita da ba ta da bidiyo, ƙauyensu ma ba wuta. Har ta koma ga Allah ba ta tambaye ni yadda aka yi ba.

Ni da na wanke idona da fuskar Inna shekara arba'in da wani abu, yanzu in na nemo ta a raina ba ta zuwa. Hannun ne ke tasowa ya tare ni.