Tallar Maganin Basir a Rumfata

Shekarun da nake sayar da sakwara a bakin tashar motar Doma, rediyo ne ke riƙe mini masu ci. Da azahar ake sa wasan kwaikwayo, 'yan acaɓa su cika benci, wanda ya zo don ji kawai ma sai ya ce a zuba masa.

Sai aka shigo da tallar maganin basir. Ana tsakiyar wasa wani ƙato zai fara zayyana abin da ke fita daga jikin mutum a bayan gida, jini ne, majina ce, tsiro ne, har da nishi yake yi. Ga miyar kuɓewa a gaban mutane tana yauƙi! A idona wani direba ya ajiye loma ya wanke hannu ya tafi. Tun daga ranar, da na ji gangar tallar sai in murɗe rediyon, in ta wuce in mayar. Ban yi boko ba, amma kunnena ya san tsawonta.

Akwai wani mai cusa riga cikin wando da ke zuwa, ashe a gidan rediyon yake aiki. Ran nan ya kama ni ina murɗewa.

"Mama, wannan fa sata ce."

"Satar me, ɗan nan? Rediyona, batirina."

"Tallar ce ke ciyar da 'yan wasan. Kin sha wasa kin ƙi talla, daidai yake da a ci sakwararki a gudu."

Wani ɗan acaɓa ya ce, "Oga, to kira 'yan sanda su kama kunnen Mama!"

Aka yi dariya, ban da ni. Tunda uwata ta haife ni ba wanda ya taɓa jingina mini sata, sai yau, a gaban masu cin abincina. Na zuba masa, na ƙara masa miya, na ɗauko rediyon na dangwarar dab da kwanonsa. Da gangar ta dawo na ƙure murya.

"Ci, ɗana. Yau ba za mu yi sata ba."

Ƙaton ya fara nishinsa. Mutumin ya ɗago loma, ya tsaya yana kallon miyar tana zarara tsakanin yatsunsa. Kafin a kai ga tsiro ya miƙa hannu da kansa, hannun duk miya, ya kashe.

Na daɗe ina goge yauƙin nan a jikin rediyona, ina tsaki.