Wutar Da Likita Yake Nufi

Da ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Laraba abin ya fara. Na riƙe lokacin ne domin tun da aka dasa mini na'ura a ƙirji nake ƙirga bugun zuciyata ina rubutawa a wani ɗan littafi. A lokacin shekarata goma sha bakwai, ina makarantar horon malamai, gidanmu yana Ƙofar Gayan. Ni ba mai magana ba ce. In an neme ni, a ɗaki ake samuna da littafi.

Wata bakwai kafin nan aka yi mini aiki a wani babban asibiti a kudu, saboda zuciyata tana jinkirin bugawa har in suma. Aka sa mini na'urar mai batir a ƙarƙashin fata. Ranar sallama likita ya yi bayani da Turanci, wani ma'aikaci ya fassara wa Baba cewa kada in kusanci wuta. Da muka dawo Baba ya tara gida, ya ce daga yau ba ni ba murhu, ko fitilar ƙwai kada in ɗauka.

Ga inda laifina yake. An haɗo mu da takarda, na karanta ta sau uku, na gane wutar lantarki ake nufi, ba ta itace ba. Amma Baba ya riga ya faɗa a gaban kowa, ban ga bakin da zan ce masa ba haka ba ne. Na ninke takardar na cusa cikin ƙamus.

Sai Yayana ya dawo daga karatu da ɗan injin markaɗe mai aiki da lantarki. Inna ta yi murna, ta ce ga aikin da ya dace da ni, ba hayaƙi ba garwashi. Injin tsoho ne, wayarsa a naɗe da tsumma, in ya tashi tsalle yake yi a kan tebur sai an rungume shi. Ranar Larabar na zuba tattasai da albasa, na danne shi da ƙirjina. Nan take idona ya yi duhu. Na kashe, na zauna, na taɓa wuyan hannuna: bugu ɗaya, shiru, shiru, sannan wani. Inna tana bakin murhu tana tsokanata, wai 'yar boko ko markaɗe sai ta huta. Na yi dariya.

Sau huɗu haka ta faru, duk wajen ƙarfe huɗu, lokacin markaɗe. Har ya zama sai na yi kalmar shahada kafin in kunna shi. Na rubuta kowanne a littafina, ban gaya wa kowa ba. A na biyar na farka a ƙasa, markaɗe ya ɓata mini zani, Inna tana salati tana rantsuwa cewa ba ta taɓa barina na je kusa da wuta ba.

A asibiti wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya 'yar Wusasa ta buɗe littafin, ta tambaye ni me nake yi duk ƙarfe huɗu. Na gaya mata komai ina kuka, har zancen takardar.

Ina roƙon duk mai irin na'urata, da iyayensa, in an ce a guji abu a tambaya wanne ake nufi, kuma in an ji jiri a faɗa ranar da aka ji. Ladabi na ɗauka nake yi, ashe raina na sa a haɗari.

Na tambayi ma'aikaciyar jinyar ko zan sake shiga madafa. Ta ce in je in hura murhu in dafa abin da na ga dama. Inji kuwa kada ya taɓa ƙirjina, in bar tsawon hannu tsakanina da shi, mai lalatacciyar waya kuma kada in taɓa. Na ce to Baba fa, yaya zan gaya masa? Ta dube ni ta ce in zaɓar masa ɗaya: ya ji nauyi na minti guda, ko ya tsaya a kan gawata.