Wayar Ɗakin Inna

Ni mutum ne mai karambani, kowa a gidanmu na Fagge ya shaida. Atamfa nake sayarwa, amma zuciyata tana wajen wayoyi. Shekarar da intanet ta zauna da gindinta a unguwarmu, na kakkaɓe wata tsohuwar kwamfuta da ƙanena ya yar, na ɗora mata manhajar haɗa kira ta intanet, na ce daga yau ita ce ofishin wayar gidanmu. Matata ta ce aikin banza ya samu mai yinsa.

Abokin haukata wani Ibo ne mai shagon kayan lantarki na gwanjo a Sabon Gari, haifaffen nan, Hausa a bakinsa kamar ɗan cikin gari. A wajensa na samo wayoyin tebur, irin waɗanda ofisoshi suka gaji da su. Ran Lahadi, in ya dawo daga coci, mukan zauna a shagon ƙofa a saye, muna kallon 'yan fitilun na'ura suna ƙiftawa, muna mafarki ido biyu. Wai wata rana kowane gida zai samu lambarsa, murya ta tashi daga Fagge ta tsallake mahaɗar Bata ta sauka Sabon Gari, ba ruwanta da cunkoson adaidaita sahu.

Na ja waya ɗaki ɗaki. Na gina rumbun bayanai, kowane kira ya shiga ciki: daga ina ya fito, ina ya nufa, yaya tsawonsa. Bayan la'asar nakan zauna ina kallon layukan suna ƙaruwa, sai in ji kamar gidan ne ke numfashi a gabana. Don kada yara su bar waya a buɗe data ta ƙone, na saita cewa in ɓangare ɗaya ya yi shiru na ɗan lokaci, kiran ya katse. Har yabon kaina na yi a kan wannan dabara.

Amma gaskiyar magana, duk saboda Inna na yi. Ni ne ɗanta na fari, ita kuwa mutuniyar da ce, kunyar ɗan fari ta riƙe ta gam. Ba ta faɗin sunana. In na durƙusa gaishe ta, bango take amsa wa. Saƙonta ta bakin ƙanwata yake zuwa: "Ku gaya wa wancan." Ga shi na fara furfura, ita gwiwa ta hana ta fitowa tsakar gida, kuma ban taɓa yin hira da mahaifiyata ba. Abin yana ci na. Na yi tunanin in babu ido da ido, ƙila kunyar ta sassauta.

Ƙanwata ta koya mata lambobin. Nan da nan ta ƙware, tana kiran matata, tana kiran jikoki. Ni kuwa, tawa takan yi ƙara da yamma, in ga lambar ɗakinta, in ɗauka in yi sallama, shiru. Can sai kiran ya yanke.

Na ce layi ne ya lalace. Na cire wayarta na kai Sabon Gari. Abokina ya gwada ta gaba da baya, ya ce, "Malam, wannan lafiyarta ƙalau. Je ka duba na'urarka." Na dawo na sauke manhaja na sake ɗorawa, na zagi kwamfutar har kakanninta. Rumbun bayanai dai abu ɗaya yake nuna mini: ɗakin Inna zuwa ɗakina, kira gajere.

Wata yamma na juya layina zuwa wayar hannuna, na fita ina bin igiyar wayar Inna a jikin bango ko ɓera ya ci ta. Ina daidai tagarta wayar ta yi ƙara. Na ɗauka na yi sallama. Ta gefen labule na hango ta a kan dadduma, ta riƙe kan wayar da hannu biyu, idonta a rufe. Bakinta yana motsi kamar mai shirin magana. Kafin ta shirya, na'urata ta katse kiran.

Ta dubi wayar, ta mayar a hankali. Na ji ta ce wa ƙanwata, "Ya ajiye. Ƙila yana da uzuri."

Ashe duk kwanakin nan abin da ta ɗauka ke nan. Na koma ɗaki na goge wannan dabara tawa ta katse kira.

Washegari wayar ta yi ƙara. Na yi sallama, ban jira amsa ba. Na ba ta labarin kasuwa, da sabuwar atamfar da mata ke rububi, da hadarin da ya haɗo ta gabas bai zubar ba. Ina jin numfashinta, da ƙwayoyin carbi suna taɓa juna. Har zance ya ƙare mini, na yi shiru ni ma. Muka jima a haka, layin yana buɗe.

Sai ta yi gyaran murya.

"Ci gaba," ta ce, "ina jin ka."