Kawu Sule Mai Ƙaho

Har na kai shekara ashirin da uku ina da yaƙini a kan abubuwa biyu: cewa Kawu Sule ya ɓata rayuwarsa a kan aikin banza, da kuma cewa mahaifiyata ba ta cika damuwa da ni ba. Ina ɗan jami'a a lokacin, kuma duk abin da na yi zaton ni na gano shi da kaina, babu mai iya raba ni da shi.

Ku da kuka san Kawu, kun san ba ya zama. A tsaye yake cin tuwo, yana tafe yake amsa gaisuwa. In ka ce masa "ina kwana", sai ka bi shi da sassarfa kafin ka ji "lafiya". Idan kuwa fuskarka ta burge shi, ka shiga uku! Zai runtse ido ɗaya, ya zagaya ka sau biyu kamar mai taya akuya a kasuwar Makoɗa, sannan ya ce, "Ci gaba da abin da kake yi, kada ka kalle ni." Ko kana tsakiyar rigima da surukinka ne.

Sana'arsa ita ce zana fuskar mutum a kan ɓallin ƙahon bijimi da ya goge ya yi sumul, wanda bai fi girman goro ba. Yana saurayi ya yi aikin kuku a gidan wani Bature a Kano, inda wata tsohuwa ta zo ziyara, haifaffiyar Suwidin amma mazauniyar Amurka, wadda ta ƙare rayuwarta tana zana irin waɗannan ƙananan fuskoki a kan hauren giwa. Ta gaya masa cewa yunwa ce ta kori iyayenta daga ƙasarsu, kuma wanda yunwa ta kora ba ya iya ɗaukar babban hoto, sai wanda zai shiga aljihu. Da za ta tafi ta bar masa gilashinta na ƙara girma. Kawu ya ƙona miyar Bature sau uku yana leƙen hannunta, aka sallame shi, ya dawo ƙauye da gilashi a wuya, yana murna kamar an naɗa shi sarauta.

Bai taɓa sayen kayan aiki ba. Shuni daga marina, jar ƙasa daga bakin rafi, ƙaro daga jikin itace. Buroshinsa kuwa gashin kyanwar Hajiya Ladi maƙwabciyarmu ne. Kyanwar ta kai matsayin da in ta ji takunsa sai ta haye danga. Hajiya ta taɓa fitowa da muciya tana cewa, "Sule, ka bar min dabba ta huta!" Ya ce, "Hajiya, sili uku kawai na cira, kuma da su na zana Dagaci. Wace kyanwa ce ta taɓa samun wannan ɗaukaka?"

Liman ya taɓa tare shi a ƙofar masallaci a kan batun zana abu mai rai. Kawu ya ciro ɓalli ɗaya ya ɗora masa a tafin hannu.

"Allah gafarta Malam, ina gangar jikin mutumin nan?"

"Babu."

"Ƙafafu fa?"

"Babu."

"To ka taɓa jin wanda ya rayu daga wuya zuwa hula?"

Liman ya ce maganar tana buƙatar a duba littafi. Ya daɗe yana kallon ɓallin, ya kuma ce, "Amma wannan ai Tanko mahauci ne, har da hararar." Kawu ya riga ya yi nisa.

Sai shekarun wahala suka zo. Ruwan sama ya ɗauke, gero yana da ciki, cuta ta shiga shanu, rumbuna suka zama wurin kwanan ɓeraye masu yunwa. Maza suka riƙa tafiya cin rani tun kafin lokacinsa, wasu ba su dawo ba. Ƙahoni kuwa suka cika bakin hanya. Kawu ya riƙa kwasarsu a buhu yana cewa, "Shekarar da kowa ya rasa, ni kaɗai na sami kayan aiki, Allah ya yafe min." Duk mai shirin tafiya sai ya zo a zana masa uwarsa ko 'yarsa, ya ƙulle a bakin zani ko ya ɗinke a cikin hula. Ni kuwa ina ganin wannan rashin hankali ne: mutane na cin tafasa da dusa, shi yana wasa da gashin kyanwa.

A cikin wannan hali wani Alhaji mai fataucin hatsi, wanda kowa ya san ya rufe ɗakuna biyu da dawa yana jiran ta ƙara tsada, ya sa aka zana shi. Da ya duba ta gilashin, sai ya ɓata rai.

"Malam Sule, ka rage min kumatun nan. A wannan shekarar mutane za su yi magana."

"Alhaji, ba ni na sa su ba, ba ni zan cire su ba. Buɗe ɗakunan nan ka raba, in sun saɓe ka dawo in gyara."

Alhaji bai karɓi zanen ba. Kawu ya rataye shi a wuyan jakinsa har wata guda.

Yanzu in zo ga nawa. Ni ne ɗan fari, kuma kun san al'adarmu: Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallona ido da ido, in na shigo sai ta sami abin dubawa a cikin tukunya. "Wancan" take ce min, ko "yaron nan". Na san kunya ce, na ma karanta bayaninta a jami'a, amma sanin dalilin abu bai hana shi ciwo ba. Da na dawo hutu na same ta ta rame, tana tari, sai tsoro ya kama ni cewa za ta tafi ba ni da ko hotonta. Na ɗauko mai hoto daga Kano. Aka zaunar da ita a kan kujera, na tsaya bayan mai kyamara ina cewa, "Inna, ɗago kai." Ba ta ɗago ba. Abin da ya fito shi ne wata tsohuwa ramammiya tana kallon ƙasa.

Kawu, wanda yake yayanta ne, ya kalli hoton ya yi tsaki. "Ka kashe man mota ka ɗauko mana ɗankwali." Daga ranar ya ɗora min aike.

"Ɗan boko, hau keke ka je Makoɗa ka samo min ƙaro."

In dawo, gumi har ƙafa, sai ya shinshina ya ce ba irinsa ba ne. Gobe: "Je ka gidan Tanko ka tambayo ko ƙahon baƙin sa ya samu." Jibi: "Koma ka ce masa na fasa." Wata rana har na kai bakin tsamiya ya aika a kira ni, na dawo, ya ce ya manta abin da zai faɗa, in tafi kawai. Kuma kullum daga tsakar gidanmu yake aiken, yana tsaye kusa da madafa, ido ɗaya a runtse. Sau goma sha wani abu na fita ƙofar nan a cikin mako biyu, cikina babu komai sai kunu.

A ƙarshe na fashe. Na ce, "Kawu, ƙanwarka tana mutuwa, kai kana wasa da ni kamar jaki!"

Ya ce, "Jaki ya fi ka saurin fita. Kai sai ka tsaya gyara igiyar takalmi. Tafi!"

Na koma makaranta ban yi masa sallama ba. Inna ta rasu kafin damina ta gaba.

Bayan sadakar bakwai ya same ni a zaure. A karo na farko a rayuwata na ga ya zauna. Ya miƙo min ɓallin ƙaho da gilashin tsohuwar nan. Na duba. Inna ce, babu shakka, ga tsagen kumatunta, ga ɗan karkacewar ɗaurinta. Amma kanta a ɗage yake, idanunta a buɗe tar, leɓenta ya ɗan rabu kamar mai shirin furta wani abu, kuma duk fuskar ta yi laushi irin wanda ban taɓa gani ba.

Na ce, "Kawu, ka ƙawata ta. Wannan fuskar ban san ta ba."

Ya ce, "Ni da ban rage wa Alhaji kumatu ba? Ta ina za ka san ta, sakarai? Fuskar da take yi ce in ka juya baya za ka fita. Ƙiftawar ido uku take yi ta ɓace. Kana zaton ƙaro nake nema?"

Ya miƙe ya fita, na ji shi a waje yana kiran kyanwar Hajiya da muryar yaudara.

Na sha tambayar kaina ko na taɓa ba shi haƙuri yadda ya kamata, kuma ina jin ban yi ba. Duk lokacin da na fara, yana tafe ne, ni kuma ba na iya bin sa. Allah ya jiƙan Kawu Sule, ya yafe masa, ya ba shi wurin da a ƙarshe zai zauna ya huta. Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka fuskarta. Amin.

Hoton da aka ɗauka da kyamara yana cikin akwati, ban san ma wanne ba. Ɓallin ƙahon yana aljihuna na ƙirji shekara ashirin da bakwai ke nan. Kuma tun daga ranar, in zan fita daga gida, ina waiwayawa.