Ranar da Saƙon Mutane Ya Tsayar da Jif a Hamada

Akwai wata rana a farkon zafin shekarar 2019 da har gobe ban manta da ita ba. Lokacin ina jami'in kula da masu haya a wani kamfanin motoci da ke unguwar Deira, a Dubai. Ku da kuka zo bayana kun san aikin: ka saurari abin da mutum yake so, ka zaɓa masa mota, ka haɗa masa takardu, in zai tsallaka da ita wata ƙasa ka nemo masa izinin kamfani da inshora. Motar da ka sa wa hannu kuwa a wuyanka take har ta dawo. Ni kaɗai ne Bahaushe a ofis ɗin, don haka duk wanda ya shigo da sallamar Kano ko ta Damagaram, teburina ake nuna masa.

Haka aka nuno wa Injiniya Kabiru ni. Dattijo ne mai natsuwa, yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, kuma ya girme ni nesa ba kusa ba. Bayan mun gaisa ya ce Umara zai kai mahaifiyarsa, amma ta mota, don likita ya hana ta hawa jirgi saboda ciwon huhu. Tana da wata na'ura da take taimaka mata wajen numfashi, wadda ake jonawa a jikin mota. Su takwas ne: shi, da matarsa, da 'ya'yansu biyar, da Hajiya. Kujeru sun cika ke nan, babu wurin keken Hajiya balle jakunkuna, sai an ja ƙaramar tirela a baya.

Ya ce, "Malam Bala, babbar jif nake so, mai dizal. Hanyar nan doguwa ce, ga kaya a baya. Ba na son motar da za ta riƙa nishi da tsohuwa a ciki."

Gaskiya ya faɗa. Injin dizal ya fi jan nauyi ba tare da ya wahala ba, kuma ba ya shan mai kamar na fetur, abin da mai ratsa hamada yake bukata ke nan. Sai dai a Dubai neman babbar jif mai dizal wahala ce. Fetur na da sauƙi a nan, saboda haka masu sayar da motoci ba sa damuwa da kawo ta. Na buga waya duk inda na sani. Masu dizal ɗin da ake samu, ko a-kori-kura ce mai cin mutum biyar, ko bas wadda lasisinsa bai ba shi damar tuƙawa ba. Abin haushin, shi da kansa kullum yana wuce irin motar da yake so a Jebel Ali, jere reras, sababbi fil, amma duk na fitarwa ne zuwa Afirka, ba a yi musu lamba a nan. Ya ce min, "Kullum da safe ina kallonsu kamar mai azumi a bakin tukunya."

Ƙarshe dai muka tsaya a kan babbar jif mai fetur da muke da ita, mai ƙugiya a baya. Makanikinmu, Malam Isufu, mutumin Damagaram, ya duba ta ciki da bai. Ƙa'idarmu ita ce a ɗora kayan a tirela a gabanmu, a hau sikeli, sannan a sa hannu. Aka kawo keken Hajiya, da jakunkuna, da jarkokin ruwa, aka auna, nauyin bai kai iyaka ba. Isufu ya ja masa kunne da kyau. Ya ce, "Injiniya, wannan ba dizal ba ce. Abin da ke kai ya ishe ta. In ka ƙara mata, a zafin nan giyabos zai dafu." Injiniya ya ce ya ji. Hajiya da ke zaune a gidan gaba, an zo da ita ta gwada kujera, ta yafito ni ta yi ta sa min albarka har na ji kunya. Washegari bayan sallar asuba suka kama hanya.

Ni dai na wuni da aikina hankali kwance. Bayan azahar na gangara kasuwar Al Sabkha cin abinci a wani ɗan shago da 'yan kasuwarmu suke taruwa. Ko zama ban gama yi ba wani mai sayar da turare, Alhaji Mudi, ya dafa kafaɗata yana dariya.

"Habibi, motar nan taku akwai ƙarfi! Katan-katan ɗina na turare duk ta kwashe, ko gezau."

Na ce, "Wace motar?"

"Ta Injiniya mana. Da sassafe ya biyo ta nan. Ka hutar da mu kuɗin aika kaya ta kago, wallahi."

Kafin in rufe baki wani ya ce shi ma ya ba da dilar abaya a kai wa ƙaninsa a Jidda. Wani ya ce nasa ɗan kaɗan ne, talabijin ce kawai da injin markaɗe. Wata Hajiya mai shigo da kayan mata ta leƙo ta ce Allah ya yi wa Injiniya albarka, bai mayar da kowa ba. Abincin da aka ajiye min ko kallonsa ban yi ba.

Wanda ba Bahaushe ba, zai ce me ya hana Injiniya cewa a'a. Mu mun san amsar. In aka ji za ka Saudiyya, kuma da tirela a bayanka, kowa sai ya tuna yana da ɗan'uwa a Makka. Wannan ya taɓa kai wa matarka magani gida, wancan ya tsaya maka lokacin neman biza, ɗayan kuma sa'an mahaifinka ne. Da wane baki za ka ce masa babu wuri, alhali yana ganin wurin da idonsa? Sikelinmu bai san da wannan ba.

Na koma ofis da gudu-gudu. Kowace motarmu tana da na'urar da ke nuna inda take a kan kwamfuta. Na buɗe, na ga ɗigon ya riga ya wuce bodar Saudiyya, ya shiga doguwar hanyar nan da ke bayan Batha, inda za ka yi ta tafiya ba ka ga ko bishiya ba. Yana tafiya, amma a hankali ƙwarai. Na kira Injiniya, ba ta shiga. Na kira matarsa, haka. Ina cikin kallo ɗigon ya tsaya.

Na jira ko fitsari yara suka sauka yi. Bai motsa ba. Manajanmu, wani ɗan Sudan mai saurin fushi, ya zo ya tsaya a kaina. Na gaya masa abin da na ji a Al Sabkha. Ya ce, "Motar janwe tamu ba ta tsallaka boda, ka sani. Kira 'yan agajin hanya na can." Na kira, suka ce za su turo, amma wurin da nisa, ba su san yaushe ba. Ni ba motar ce a raina ba. Rana tsaka ce, a hamada, in injin ya mutu sanyin mota ya tafi, na'urar numfashin Hajiya ma ta koma kan ɗan batirinta. Ina zaune cikin sanyin ofis amma rigata ta jiƙe sharkaf.

Can Allah ya sa kiran ya shiga. Muryar Injiniya tana yankewa. Ya ce wata jar fitila ta kama, motar ta daina ja, sai ƙara take yi tana wani irin ƙauri. Na ƙwala wa Isufu kira daga gareji, na miƙa masa wayar.

Isufu ya ce, "Kada ka kashe injin! Ka ji ni? Ka bar shi yana aiki a tsaye giyabos ya huce. Sannan ka kwance tirelar, ka sa keken Hajiya a ciki ko a kan cinyar yara ne, ka lallaba zuwa gidan mai. In babu tirela, za ta kai ku, inshallah. Da tirela kuwa, khalas, shi ke nan, nan za ku zauna."

Na karɓi wayar ina jiran in ji ya ce to. Sai ya ce, "Malam Bala, Hajiya ta ce a'a."

Na zaci ban ji daidai ba. Ya kara mata wayar, na ji muryarta ƙasa-ƙasa, tana magana tana hutawa. Ta ce, "Ɗan nan, kayan mutane ne. Amana aka ba mu. Ba zan je gaban ɗakin Allah na bar haƙƙin mutane yashe a daji ba. In masu shi ba su yafe ba, ni ba inda za ni."

Na roƙe ta, na ce Hajiya rai ya fi kaya. Ta ce ta sani, amma kayan ba nata ba ne balle ta zaɓa. Injiniya kuwa, mutum mai furfura, ba zai iya ɗaga mata murya ba, kuma ban ga laifinsa ba, don ni ma da tawa uwar ce haka zan tsaya. Ya ce min leɓɓanta sun fara bushewa, sanyin motar kuma ya ragu. Na ce matarsa ta faɗa min sunayen masu kayan. Tana gama faɗa layin ya yanke.

Ban nemi izinin manaja ba, na fita. Ban taɓa yin gudu a titin Deira da rana ba sai ranar. Tunda kira ba ya zama, dabarar da ta zo min ita ce in tura wa Injiniya yafiyar masu kayan ta saƙon murya, wanda ko sabis ya yi rauni yakan lallaɓa ya isa. Na shiga shagon mai abaya ina haki, na ce masa ga halin da ake ciki, ya faɗi sunansa ya ce ya yafe a sauke. Bai ko tambaye ni ba, ya karɓi wayar ya ce, "Hajiya, ni ne Sabi'u mai abaya. Na yafe duniya da lahira, a zubar da su, ku dai ku tafi." Na tura. Mai talabijin ya yi nasa. Hajiya mai kayan mata tana yi tana kuka. Wani ya tafi masallaci, na bi shi har wurin alwala. Kowane saƙo sai na tsaya ina kallon waya in ga ya tafi ko bai tafi ba, wani ya daɗe yana juyi har in ji kamar in buga wayar da ƙasa.

Saura Alhaji Mudi. Na same shi yana shan shayi. Da na gama bayani ya ajiye kofin ya ce, "A daji? Turaren nawa a daji, cikin rana? Shwaiya, a hankali, Malam Bala. Su ɗan jira 'yan agajin mana. Kayan nan an riga an saya, mai shi yana jira a Jidda."

Ni mutum ne mai gudun rigima da manya, amma ranar idona ya rufe. Na ce, "Alhaji, uwar mutum ce a cikin motar nan, numfashinta a jikin injin yake. In ta mutu a kan turarenka, wa za ka sayar wa? Ka faɗa min in gaya wa ɗanta!" Wani tsoho da ke zaune a gefe, wanda duk 'yan kasuwar suke jin nauyinsa, ya ce a hankali, "Mudi, karɓi wayar." Ya karɓa fuska a murtuke. Ya ce, "Mudi ne. Na yafe." Ko gaisuwa babu, amma ya wadatar.

Na tura, na zauna a dakalin shagon. Na kira Isufu na ce ya zuba wa kwamfutar ido. Ban san tsawon zaman da na yi ba. Ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, ina tunanin ko saƙon ƙarshen ya isa, ko ya isa amma an makara. Sai wayata ta yi ƙara. Isufu ya ce, "Bala, ɗigon yana tafiya."

Kafin magariba suka isa gidan mai a Haradh. Daga baya matar Injiniya ta gaya min sai da Hajiya ta sa aka kunna mata muryoyin ɗaya bayan ɗaya, tana ji tana gyaɗa kai, da aka zo kan na Alhaji Mudi ta ce a maimaita. Sannan ta ce a kwance. Sun huta a can, aka canja man giyabos, suka ƙarasa Makka ba tirela, yara da jakunkuna a kan cinya. Hajiya ta yi Umararta a kan keke, ɗanta yana tura ta.

Tirelar kuwa 'yan agajin hanya suka jawo ta washegari. Yawancin kayan suna nan, sai dai turaren Alhaji Mudi da yawa ya fashe saboda zafi. Har na bar Deira na koma wani ofishin, in na gaishe shi da kai yake amsawa. Manaja ya yi min faɗan fita ba izini, na ba shi haƙuri, maganar ta wuce.

Har yanzu iyali mai yawa da ke son jan kaya ba ya samun babbar jif mai dizal a garin nan cikin sauƙi, dole mu ba shi mai fetur, wadda ba ta da rarar ƙarfin da za ta ɗauki kunyar mai ita. Littafin mota zai gaya muku nauyin da take ja, sikeli zai gaya muku nauyin da ke kai, amma duka biyun a harabar kamfani suke aiki. Mutuminmu kuwa bayan ya fita ƙofa ake yi masa lodi. Shi ya sa in Bahaushe ya zauna a gabana yana neman motar jan tirela, kafin in tambayi kayansa nakan tambaye shi su wa suka san zai yi tafiyar. In ya ce ai ya riga ya sanar a masallaci a taya shi da addu'a, sai in ce masa Allah ya kiyaye hanya, amma tirela babu.